Ranar da Na Taka wa Malam Birki

Birkin ne ya ƙi kamawa, ko kuwa Malam ne ya ƙi takawa? Na tambayi direbobin da suke bayansa a ranar, na tambayi mutumin da ya janyo motar daga rafi, na tambayi kaina har na gaji. Kowa da abin da yake faɗa. Ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Idan kuka ya tare ni takan ajiye biron ta jira. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito, domin ni kaɗai na ga gyaran nan da idona, kuma da ƙafata aka yi shi.

Malam mijina ne. Direba ne tun kafin a kai ni gidansa. Mu mutanen Damari ne, muna da gona can, muna da rumbu, kuma da damina yakan ajiye tuƙi ya riƙe fartanya. Da mutanen daji suka hana noma, muka kwashe abin da zai kwasu muka dawo cikin Birnin Gwari, muka kama haya a wani gida a bakin gari. 'Ya'yanmu mata ne, kowace tana ɗakin mijinta da nata nauyin. Abin da ya rage mana mu ci a ciki shi ne motar.

Tsohuwar mota ce mai dogon baya, irin wadda ake naɗe kujerun baya a yi mata lodin buhu. Ƙofar gefen direba ba ta buɗuwa daga waje, sai an zura hannu ta taga. Malam yana cewa shi da ita sa'o'in juna ne, kowa ya san ciwon kowa. A bayan gidan da muke haya akwai wani kango da aka kewaye da langa-langa, nan take kwana.

A ƙarshen damina ne, masara ta fara shigowa kasuwa. Da safe ina sharar kangon sai na ga ƙasa ta jiƙe a gindin tayar baya, ba kuwa ruwan sama aka yi ba. Na sa tsintsiya, ƙasar ta manne mata. Na leƙa ɗaki na ce, “Malam, motarka ta fara fitsarin kwance.”

Ya ce, “Tsufa ne. Mu ma yana nan tafe.”

Ya fito yana dariya, ya tsuguna, ya dangwali ƙasar ya murza a yatsa, ya kai hanci. Sai dariyar ta ɗauke. Ya zura hannu ya buɗe ƙofa, ya zauna ya taka birki, na ga gwiwarsa ta sauka ƙasa sannu a hankali ba abin da ya tare ta.

Na ce, “Mene ne?”

Ya ce, “Man birki ne. Shi ya sa jiya take min nawa wajen tsayawa.”

Na ce to ya kai ta gareji mana. Ya dube ni kamar na ce ya kai ta Makka. Dalili biyu ne, kuma na san su duka. Na farko, babu abin kaiwa. Lodi ya yi ƙaranci, mai ya yi tsada, abin da ya samo ranar ba ya kwana. Na biyu, garejin yana jikin tasha, kuma abin da bakanike ya gani da safe, kafin azahar kowane direba ya ji shi.

Wanda bai san hanyarmu ba ba zai gane abin tsoro a nan ba. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna cikin daji ake ratsawa, kuma a lokacin ba mai shiga shi kaɗai. Direbobi kan taru da safe su yi ayari, su tashi tare, kowa yana bin gindin na gabansa da gudu, ba a tsayawa fitsari, ba a tsayawa ɗaukar kowa. A irin wannan tafiya motar da birkinta ke wasa haɗari ce ga kowa. Da zarar an ji, za a ce ka zauna gida sai ka gyara, kuma gaskiyarsu ce. Amma wanda ya zauna gida da me zai gyara? Ga shi wani ɗan kasuwa ya riga ya yi wa Malam alkawarin lodin masara zuwa Kaduna jibi. In bai ɗauka ba wani zai ɗauka.

Ya ce, “Da kaina zan duba ta. Ki ja langa-langar nan ki rufe.”

Ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya tokare ta da duwatsun murhuna, ya kwance tayar. Na shimfiɗa masa buhu ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ba abin da nake gani sai tafin ƙafarsa duk faso. Can ya kira ni. Na durƙusa na leƙa, ya nuna min wani siririn bututun ƙarfe, bai kai kaurin karan dawa ba, ya bi cikin motar ya nufi tayar. Tsatsa ta ci shi, ya tsage a gefe, yana naso.

Ya wanke hannu ya shiga gari neman irinsa wajen masu tsofaffin kayan mota. Sai bayan la'asar ya dawo hannu ba komai. Da yawa daga cikin masu shagunan sun bar garin. Wanda ya rage yana da guda, amma kuɗin da ya faɗa, in ji Malam, ko bututun na zinariya ne sai haka. A Kaduna kuwa wajen 'yan gwangwan ana samunsa da arha. Kayan gyaran yana Kaduna, kuɗin sayensa yana cikin lodin masara, lodin kuma sai da birki. Ranar tuwon dare ya ci loma kaɗan ya ture.

Washegari da hantsi ya ce in kawo masa guduma da dutsen niƙana. Ya yanke bututun a inda yake da lafiya, ya lanƙwasa bakinsa, ya tara dutsen ya yi ta bugu har ya baje kamar ganye, ya sake lanƙwasawa ya sake bugu. Ya ce yanzu man ba zai ƙara bi ta nan ba. Na ce to tayar fa? Ya ce ita ta huta, sauran ukun za su yi aikin.

Na ce, “Ƙafa uku ta isa ta tsayar da mota da lodi?”

Ya ce, “Ta isa ta kai ni Kaduna. Ban ce ta isa ta kai ni ƙarshen shekara ba.”

Ya mayar da tayar, ya buɗe gaban motar ya juye ragowar man da yake da shi a wani gwangwani cikin kwalbar man birkin. Daga nan ya tsaya yana sosa ƙeya yana kallona. Ya ce iska ta shiga bututun, kuma in ba a fitar da ita ba, ko an taka birki iskar kawai ake matsawa. Fitar da ita kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana takawa, ɗaya yana ƙasa yana sassauta wani ɗan noti a jikin kowace taya. Ba zai kira kowa daga tasha ba.

Na ce, “Ni?”

Ya ce, “Akwai wata a gidan bayan ke?”

Duk shekarun da na yi da Malam ban taɓa zama a kujerarsa ba. Na wanke ta, na ɗinke mata yagewa, na kwashe ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinta, amma zama ban taɓa ba. Na tattare zanina na shiga. Ƙafata ba ta kai ba, sai da ya ɗauko matashin kanmu ya cusa min a baya. Ya cire min silifa, ya kama ƙafata da hannunsa mai baƙin mai ya ɗora ta a kan na tsakiya cikin abubuwan takawa.

Ya ce, “Wannan kaɗai. Na dama ba ruwanki da shi, kar ki kai mu Funtua.”

Na kama sitiyari da hannu biyu. Ya ja baya ya dube ni ya ce, “Kai, direba. Ina aka nufa?”

Na ce, “Damari. In za ka, ka biya kuɗin mota.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya tuna.

Ya shige ƙarƙashi da sifana da gwangwanin tumatir. Daga can muryarsa ke fitowa.

“Taka. Saki. Taka. Saki. Taka, ki riƙe.”

Na riƙe. Sai na ji abin ya sulale a ƙarƙashin ƙafata ya tafi har ƙasa, kamar na taka ruɓaɓɓiyar kabewa. Na ce, “Malam, ya gudu. Na ɓata?”

“Haka ake so. Kar ki ɗaga sai na ce. In kika ɗaga kafin in ɗaure, iskar za ta koma.”

Na danne iya ƙarfina. Na ji ƙarar sifana, sannan ya ce, “Saki.”

Haka muka yi ta yi, daga wannan taya zuwa waccan. Gwiwata ta dama dama can tana da sanyi, kafin rana ta take ta fara zafi kamar an soka tsinke. Ban faɗa masa ba. Shi ma ina jin nishinsa duk lokacin da zai juya a ƙasa, bai faɗa min ba. A tsakani yakan tambaya, “Direba, ya fara tauri?” In ce ya ɗan fi ɗazu. Ya ce, “Kamar me?” Na ce da farko kamar kunu, yanzu kamar tuwon da bai gama nuna ba. Ya ce tuwon da ya kwana muke nema.

Kafin mu kai tayar ƙarshe man ya ƙare. Abin da ya rage sai wanda ya tara a gwangwanin tumatir, baƙi, da ƙasa-ƙasa a ciki da kumfa. Ya ɗaga shi yana dubawa a hasken rana. Na shiga ɗaki na ɗauko farin ƙyallen da nake tace gasara, na ɗaura shi a bakin kofi, na tace man sannu a hankali yadda nake tace kamu, na bar shi ya kwanta. Ya zuba, muka ci gaba. Ya sake fitowa, na sake tacewa. Kowane zagaye sai ya ragu, ƙyalle ya sha, ƙasa ta sha.

A ƙarshe bai kai layin da ake so ba. Malam ya ce in kaɗa masa garin sabulu a ruwa, ya yi kauri.

Na ce, “Hannu za ka wanke?”

Ya ce, “Ciko zan yi. Direbobi suna yi in mai ya yanke musu a hanya. Yana da santsi, yana riƙewa na ɗan lokaci.”

Na ce ban taɓa jin an yi wa ƙarfe magani da ruwa ba. Ya ce shi ma ba ya so, yana cin roba, kuma in ƙarfe ya yi zafi ba a yarda da shi. Amma kaɗan ne, na kwana ɗaya, yana isa Kaduna zai zubar ya wanke ya zuba sabo. Na kaɗa na miƙa masa. Da muka gama ya ce in taka. Na taka, abin ya tsaya min a tsakiya ya ƙi wucewa. Ya shiga da kansa ya gwada, ya gyaɗa kai.

Da la'asar ya fitar da ita gwaji a layinmu. Ina tsaye a bakin langa-langa. Ya tafi har wajen bishiyar mangwaro ya juyo da ɗan gudu, ya taka. Motar ta tsaya, amma kafin ta tsaya ta karkata hagu, kamar jakin da aka ja wa kunne. Ya koma ya sake, ta sake karkata. Ya shigo da ita ya kashe, ya zauna a kan turmi. Na kawo masa ruwa.

Na ce, “Malam, a sayar da akuyar nan a sayi bututun nan na gari.”

Ya ce, “Akuya mai ciki? Kuma kasuwa sai bayan jibi. Lodi gobe ne.”

“To a bar lodin.”

“A bar shi mu ci me, uwar 'yan mata? Motar za mu dafa?”

Na ce to ya faɗa wa 'yan'uwansa direbobi gaskiya, ko wani ya taimaka. Ya ce kowannensu da irin tasa, wanda tayarsa ta suɗe, wanda fitilarsa ba ta kamawa. Amma ya ce ba zai cuci kowa ba. Ba zai ɗauki mutum ko ɗaya ba, ko a kujerar gaba, daga shi sai buhu. Kuma shi zai ja ayarin.

Na ajiye kofin. Duk matar direba a garin nan ta san ba wanda ke son gaba. In an tare hanya, na gaba shi ke fara faɗawa, na baya su samu su juya. Direbobi har gardama suke a tasha a kan wanda zai fara tashi, kowa ya ce jiya shi ya yi.

Na ce, “Gaba kuma? Da wannan motar?”

Ya ce, “Saboda wannan motar. In ina tsakiya na gabana ya taka birki don rami, ni zan shige bayansa, kuma bayansa cike yake da 'ya'yan mutane. In ina ƙarshe ta ba ni matsala, ba wanda zai waiwayo. A gaba ba abin da zan buga sai iska. Ni zan zaɓi gudun da zan yi, in rage da giya.” Ya ɗan yi murmushi ya ce, “Kuma a dajin nan wa ke taka birki? Sai an fita ake tuna akwai shi.”

Na yi magana, na sake yi. Bai ɗaga min murya ba, bai kuma canja ba. Daga baya na ji cewa da ya ce shi zai ja, direbobi har tsiya suka yi masa, wai tsoho ya ci maganin ƙarfe. Ba wanda ya tambaye shi dalili, kowa ya ji daɗi an ɗauke masa.

Washegari wajen azahar ina tsince wake a tsakar gida na ji sallamar maza a ƙofa, muryoyi da yawa, ba wanda ke son ya fara. Kafin su faɗa na sani. Akwai wata gangara a cikin dajin, kwana ne sannan gada. Nan motar ta bar hanya ta hagu ta faɗa rafi, buhuna suka danno gaba. Sun ce bai sha wahala ba. Ban sani ba ko faɗa kawai suka yi don ni. Kafin magariba an kai shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan kwanakin zaman makoki direban da ke binsa ya zo gaisuwa. Ya zauna a zaure, ni ina daga ciki. Ya ce, “Inna, Malam ya cece mu.” Ya ce suna shan kwanar sai suka ji hon ɗin Malam, dogo, bai ɗaga hannu ba. Da jin haka kowa ya taka birki, suka juya. Ya rantse ya hango babura cikin ciyawa a ƙetaren gadar. A ganinsa Malam ya ga an tare, ya san in ya tsaya kama shi za a yi, ya danna hon don na baya, ya nemi ya ratsa ta gefe, ƙasa ta zabge da shi.

Wani direban kuma, dattijo sa'ar Malam, ya zo daga baya. Shi ya ce bai ga kowa ba. Ciyawar ƙarshen damina ta fi mutum tsawo, mai tsoro yana ganin abin da ya ga dama a cikinta. Ya ce da suka koma ɗauko shi ba su tarar da kowa ba, ba a taɓa buhu ko ɗaya ba. Hon kuwa, in ji shi, duk direban da birki ya tsinke masa a gangara abin da yake yi ke nan.

Mutumin da ya janyo motar ya ce kwalbar man birkin babu komai a ciki. Amma gaban motar ya murƙushe, kwalbar ta fashe, ba yadda za a san ko kafin faɗuwar ta tsiyaye ko bayanta. Ya ga bututun da aka baje da guduma, ya ce wa ya yi masa wannan aikin? Na ce ni da shi muka yi.

Mutane suna ce min kwana ne ya ƙare, in bar bincike. Na yarda kwana ne. Ba jayayya nake da Ubangiji ba. Abin da nake so in sani kawai, abin nan da ya tsaya min a ƙarƙashin ƙafa ranar, ya tsaya masa shi ma? In ya tsaya masa, to aikinmu ya riƙe, shi ya zaɓi kada ya taka. In kuma ya sulale masa har ƙasa yadda ya sulale min da farko, to na san abin da ƙafarsa ta ji, don tawa ta ji shi. Wani lokaci ina zaune sai in ga ƙafata ta dama tana danna ƙasa ita kaɗai. Ƙyallen gasarar yana nan, man bai fita ba duk wankin da na yi. Na daina koko tun daga lokacin.

Da safen da zai tafi, ya dawo daga masallaci na ba shi koko da ragowar ƙosai. Ya sha a tsaye. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya duba ƙasa, a bushe take, ya ce alhamdu lillahi. Na je zan ja masa langa-langa, gwiwar ta kumbura cikin dare, ina ɗingishi ina ɓoyewa. Ya zura hannu ta taga ya buɗe ƙofa ya shiga, ya cire matashin da muka manta a kujerar ya miƙo min. Ya tayar da motar, ya taka birkin ya saki, ya sake takawa. Na ce Allah ya tsare hanya, ya ce amin. Ya fara ja, sai ya tsaya daidai inda nake, ya leƙo ya dubi ƙafata.

Ya ce, “Direba, na ga ɗingishin nan tun jiya. Ki gasa gwiwar da ruwan zafi, ki huta. Gobe in na kawo bututun, ke za ki sake taka min.”